Tafiya da garke a lokacin annoba: a nemi wurin tsayawa tun kafin a tashi

Duk shekara idan damina ta kusa ɗaukewa, tambaya guda ce makiyaya suka fi yi mini, ko a kasuwar Sakabal ko a bakin rijiyoyin kwarin Tarka: an ce ciwo ya ɓulla a gaba, mu tafi ko mu zauna? Ni ma'aikacin lafiyar dabbobi ne a gundumar Dakoro, kuma na san mai wannan tambaya yana cikin tsaka mai wuya. Idan ya zauna, tabki zai ƙafe, ciyawa ta ƙare, gonakin kudu kuma ba a sake su ba tukuna. Idan ya tashi, yana iya kai garkensa inda ciwon yake, ko ya ɗauki ciwon cikin garken ya kai wa wasu.

Dokar kiwo ta 20 ga Mayun 2010 ta amince cewa yawo da bisashe haƙƙin makiyayi ne, kuma a ƙasa irin tamu garken da bai motsa ba ramewa yake yi. Don haka ba zan ce wa kowa ya bar tafiya ba. Abin da nake so mu duba shi ne wani ɓangare na shiri da aka fi mantawa da shi. Kowane garso ya san burtalin da zai bi da rijiyoyin da zai sauka. Kaɗan ne ke tanadar wurin da za su tsaya mako biyu ko uku idan ciwo ya tare hanya, ko ya bayyana cikin garkensu. Wanda bai yi wannan tanadi ba, ranar da labari ya zo ba shi da zaɓi sai gudu.

Abin da ya faru a jahar Tawa a 2016

Cikin watan Agustan 2016 labari ya fara fitowa daga Cintabaradan da Tasara, a jahar Tawa, maƙwabciyarmu ta yamma. Bisashe suna ɓari, ƙanana suna mutuwa, mutane kuma suna kwanciya da zazzaɓi, wasu har da zubar jini. An aika jini zuwa cibiyar Pasteur ta Dakar, aka tabbatar zazzaɓin kwarin Rift ne, wanda za ku ga ana rubuta FVR a takardun ma'aikata. Daga 2 ga Agusta zuwa 22 ga Satumba an ƙidaya mutum 64 da suka kamu a yankin Cintabaradan, 23 suka rasu, akasarinsu masu kiwo da noma. Kafin shekarar ta ƙare waɗanda ake zaton sun kamu sun haura 300, mutum 33 suka riga mu gidan gaskiya. Ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN ne suka taimaka wa asibitin Cintabaradan wajen jinyar marasa lafiya.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne lokacin. Bikin lasar gishiri na Ingal ya kama 23 zuwa 25 ga Satumba, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta shanu wajen miliyan 2 ne za su kasance a yankin, ban da tumaki da awaki. Garkunan da suka haɗu a can, bayan biki kudu suke gangarowa, wasu ta Abalak, wasu ta Bermo da Gadabeji su faɗo Tarka. Tsakaninmu da Abalak babu shinge. Tabkin da garken can ya sha da safe, namu na iya shansa da maraice.

Ciwon kuma bai tafi ke nan ba. An fara gane shi a Kenya a 1931, ya yi ɓarna a Masar a 1977, a Muritaniya a 1987, ya ƙetare teku zuwa Saudiyya da Yaman a 2000. Cikin Satumban 2025 ya sake ɓulla a arewacin Senegal da Muritaniya, ya kashe mutane da bisashe. Duk ƙasar da ke da tabkunan damina da garkuna masu yawo tana cikin lissafinsa.

Yadda ciwon ke tafiya

Wanda zai tsara hanya sai ya san ƙafafun da ciwon ke tafiya da su. Ƙwayarsa irin wadda likitoci ke kira birus ce, allurar teramisin da aka saba saye a kasuwa ba ta kashe ta. Sauro ne ke ɗaukar ta daga dabba zuwa dabba. Akwai irin sauron da ke saka ƙwai a laka a gefen tabki. Ƙwan na iya zama cikin busasshiyar ƙasa shekaru da ƙwayar cutar a cikinsa, sai shekarar da ruwa ya yi yawa tabki ya cika ya batse, su ƙyanƙyashe gaba ɗaya. Shi ya sa damina mai albarka, wadda muke murna da ciyawarta, ita ce ta fi buƙatar sa ido.

Sauro ba ya yin nisa da kansa. Mai kai ciwon nesa ita ce dabbar da ke ɗauke da ƙwayar a jininta na ƴan kwanaki, sau da yawa ba tare da ta nuna komai ba. Ta sauka a sabon tabki, sauron wurin ya cije ta, ya ciji garken da ya tarar.

Tumaki ne suka fi shan wuya. Cikin ƴan tumaki sabbin haihuwa, 9 cikin 10 na iya mutuwa, tumaki masu ciki kuma kusan duka suna iya ɓari. Awaki da shanu da raƙuma ma suna ɓari. Alamar da ba ta ɓuya ita ce ɓari da yawa cikin ƴan kwanaki, a garke ɗaya ko a garkunan da ke shan ruwa wuri ɗaya, haɗe da mutuwar ƙanana.

Mutum kuwa galibi ta hannunsa yake kamuwa: yanka, fiɗa, taimakon dabba wajen haihuwa, ɗaukar ɗan ɓari da mabiyiya, da shan madarar da ba a tafasa ba. Cizon sauro ma na kawo shi. Ba a taɓa tabbatar da cewa mutum ya shafa wa mutum ba, don haka babu dalilin ƙyamar mara lafiya ko gudun jinyarsa. Bayan kwana 2 zuwa 6 zazzaɓi ke farawa, da ciwon kai da ciwon gaɓoɓi, kamar zazzaɓin cizon sauro da muka sani. Mafi yawa suna warkewa cikin mako guda. Kaɗan ne abin ke taɓa musu ido ko ƙwaƙwalwa, ko ya kai ga shawara da zubar jini, amma cikin waɗanda ya kai ga zubar jini wajen rabi ne ke rasuwa. Har yau babu allurar rigakafinsa da aka amince a yi wa jama'a.

Gudu da garke

Da an ji ciwo a maƙwabta, abin da zuciya ke raya wa makiyayi shi ne ya kwashe cikin dare. Na fahimci dalilin, kakanninmu da gudu suka tsira daga bushiya kafin a kawar da ita daga duniya a 2011. Amma a duba lissafin. Idan garkenka ya sha tabki ɗaya da wanda ya kamu, mai yiwuwa ƙwayar na cikin wasu bisashenka tun kafin ka ji labari. Ka kore su tafiyar kwana uku, masu ciki su galabaita, ɓarin ya same ka a dajin da babu likitan dabbobi, babu layin salula. Ka kuma kai ciwon ga mutanen da suka ba ka masauki. Malamanmu sun sha faɗa mana yadda Halifa Umar ya juya daga hanyar Sham da ya ji annoba ta sauka can, da umarnin da ya hana shiga ƙasar da annoba take ko fita daga cikinta don gudu. Aikin likitan dabbobi bai zo da abin da ya saɓa wa wannan ba.

Akwai motsi iri ɗaya da nake ba da shawararsa: gusawa kaɗan. A ɗaga daga fadama da bakin tabki zuwa tudu mai iska, cikin yanki guda, inda sauro ya yi sauƙi. A shayar da rana tsaka, a bar bakin ruwa kafin la'asar sakaliya, domin irin sauron da ke ɗaukar ciwon ya fi cizo da magariba da dare da asuba. Wannan ya bambanta da kwashe garke zuwa wata gunduma.

Shiri kafin a tashi

Na farko labari ne, kuma a san bakin da ya fito. Jita-jitar kasuwa na iya mayar da ɓarin tunkiya biyu annoba, tana kuma iya binne annoba ta gaske idan dillalai na tsoron faɗuwar farashi. Kafin garso ya tafi duba ciyawa, a kira ma'aikatar kiwo ta Dakoro ko ta Bermo, ko mataimakin likitan dabbobi na yankin da za a sauka. A nan Dakoro aka fara tsarin likitan dabbobi mai zaman kansa da mataimakansa na ƙauyuka tun 2003, don haka da wuya a rasa wanda za a kira. Tambayoyi uku sun isa: an ga ɓari da yawa cikin mako biyun nan? Ƙanana suna mutuwa? Akwai mahauci ko makiyayi da ya kwanta da zazzaɓin da maganin cizon sauro bai yi masa aiki ba? Shi ma garso, idan ya je duba ciyawa da ruwa, ya duba gefen tabki ko akwai mushe da ƴaƴan ɓari.

Na biyu rigakafi. Gwamnati na yin allurar kyauta duk shekara ta ciwon huhun shanu, da annobar tumaki da awaki da ake kira PPR, da ciwon raƙuma. Waɗannan alluran ba sa kare dabba daga zazzaɓin Rift, amma suna rage mata abokan gaba a hanya. Ita ma PPR birus ce, kuma ta numfashi da majina take yaɗuwa a mashaya da kasuwa. Allura na buƙatar mako biyu zuwa uku kafin ta kama jiki. Wanda ya yi ta ranar tashi ya shiga hanya da garken da bai karu ba tukuna. Zazzaɓin Rift na da allurar dabbobi, sai dai kafin ciwo ya sauka ake yin ta. Idan ya riga ya shiga, allura ɗaya da aka soka wa dabba bayan dabba ita ce za ta raba ƙwayar cikin garke. Duk wanda ya zo muku da kwalba a tsakiyar annoba ya ce rigakafi ne, ku sallame shi.

Na uku takardu. Katin rigakafi, da takardar ƙetare iyaka ga masu gangarawa Najeriya ta Madarumfa da Ɗan Isa, a karɓe su tun a gida. A kuma tuna hanya na iya rufewa a bayanka. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a Agustan 2019, Nijar ta rufe nata a Maris na 2020 saboda korona, daidai lokacin da masu cin rani a kudu ke shirin komowa. Makiyaya da yawa sun maƙale inda ba su yi niyyar daɗewa ba, suka sayar da bisashe da arha don sayen ruwa da dusa.

Na huɗu shi ne wurin tsayawa. A kowane zango mai tsawo, ku san wuri ɗaya da garkenku zai iya zama kwana 21 ba tare da ya cuɗanya da wasu ba. Na ce kwana 21 domin shi ne wa'adin da ake ba PPR ta bayyana, ya kuma wuce na Rift da na ciwon baki da kofato. Wurin ya kasance tudu, kusa da rijiya maimakon tabki, kuma an yi magana da mai rijiyar da maigari ko arɗon wurin tun kafin buƙata ta taso. Inda akwai kwamitin filaye na Kofo, a sanar da shi, don kada tsayawar ta zama rikici da manoma alhali ba a saki gonaki ba.

Tsayawa na da kuɗi, gara a lissafa tun a gida. Babbar saniya na cin busasshiyar ciyawa wajen kilo 6 a rana, tana shan ruwa lita 25 zuwa 30, fiye da haka idan zafi ya tsananta. Mai shanu 30 na buƙatar wajen kilo 180 na ciyawa da lita 900 na ruwa kowace rana. Idan kiwon wurin zai ba da rabi, sauran sai kara da harawa da dusa. Sayar da bijimi ɗaya mai ƙiba kafin a tashi, lokacin da kasuwa ke buɗe kuma farashi na da kyau, ya fi sayar da shanu uku ramammu ga dillalin da ya san ba ka da mafita.

A kan hanya

Wuraren haɗuwa su ne wuraren kamuwa: babban tabki, famfon gwamnati, kasuwa, wurin biki. A shekarar da ake jin labarin ciwo, a zaɓi ƙaramar mashaya ko da za a ƙara tafiyar rabin yini. Wanda ke son zuwa biki ya je da raƙumin hawansa, ya bar garke baya. Dabbar da aka sayo, da wadda aka kai kasuwa ba ta sayu ba aka komo da ita, da ta habbanaye da aka karɓo, duk a ware su mako uku kafin su shiga cikin sauran. Masu ciki da suka kusa haihuwa, in da hali, a bar su a mashekari tare da wani babba.

Cikin kayan tafiya a saka sabulu, ruwan jabel, safar hannu ko ledoji masu kauri, shebur, da gidan sauro mai magani na kowa da kowa, har da yaran da ke kwana cikin garke. Mata masu tatsa su tafasa madara kafin a sha, kafin a kafa kindirmo ko a yi cuku. Na san ana cewa tafasa na rage daɗi, na kuma san al'ada ce mai ƙarfi. Amma cikin lokacin annoba, ƙwaryar madara ɗanya na iya kwantar da gida guda.

Idan ciwon ya shiga garkenka

Nan ne aka fi yin asarar rai. Tunkiya ta kwanta, mai ita ya ga za ta zama mushe, ya yi sauri ya sa wuƙa don a ci ko a sayar wa mahauci. A kowane lokaci wannan dabara ce ta rage asara. Lokacin zazzaɓin Rift kuwa, jinin da ke tsartuwa daga wuyan dabbar cike yake da ƙwayar cutar, kuma mai yanka da mai riƙewa da mai fiɗa da matar da za ta wanke kayan ciki duk sun shiga haɗari. Kuɗin tunkiya ɗaya bai kai kuɗin motar kai mutum asibitin Maraɗi ba, balle ransa.

Ɗan ɓari da mabiyiya da mushe, kada a taɓa su da hannu tsirara, kada a jefa wa karnuka. A sa leda a hannu, a rufe baki da hanci da rawani, a haƙa rami mai zurfi nesa da rijiya a binne, a wanke hannu da sabulu. Yara da mata masu ciki su nisanci wurin. Wanda ya ji zazzaɓi ya tafi asibiti mafi kusa, kuma ya faɗa wa malamin asibiti da bakinsa cewa bisashensa na ɓari; idan bai faɗa ba, za a ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne kawai, tun da lokacinsu ɗaya. Kada ya sha aspirin da ire-irensa na ƴan tebur, suna ƙara zubar jini.

Sannan a kira mu a ranar. Jinin da za a aika ɗakin binciken LABOCEL sai an ɗauke shi dabbar na cikin zazzaɓi, ko jim kaɗan bayan ta mutu. Bayan kwana biyu a rana, mushe ba ya gaya mana komai. Na san abin da ke hana kira: tsoron a tsare garke, a rufe kasuwa, maƙwabta su ce kai ka jawo. Tsoron na da tushe. Bayan annobar 2000, Saudiyya ta hana shigo da bisashen Somaliya har zuwa 2009, makiyayan can suka sha wahalar da ba su manta ba. Amma irin wannan hukunci kan biyo bayan annobar da ta riga ta bazu. Ciwon da aka gano a tabki ɗaya, a tabki ɗaya ake tsare shi. Wanda aka ɓoye har ya kai kasuwanni uku, jaha guda ce ke biyan kuɗinsa, har da wanda ya ɓoye.

Aikin ƙungiya

Makiyayi shi kaɗai ba zai iya ɗaukar nauyin tsayawar mako uku ba, shi ya sa yake gudu ko ya yi shiru. Ƙungiya ce za ta iya sauƙaƙa masa faɗin gaskiya. Ƙungiyoyin da ke da rumbun cimakar bisashe su ware wani kaso na dusa da guryar auduga da ba za a taɓa ba sai ga wanda aka tsare garkensa, a ba shi bashi zuwa bayan an sake shi. A cire wani abu daga asusu don kuɗin ruwa da na kai mara lafiya asibiti. A naɗa mutum biyu ko uku masu salula a kan kowane burtali, waɗanda za su karɓi labari su isar wa ma'aikatar kiwo da gidan rediyon karkara, cikin Fulatanci da Buzanci da Hausa. Mata su kasance cikin waɗannan, domin mai tatsa ce ke fara ganin nono ya ragu, ita ce kuma ke sanin tunkiyar da ta yi ɓari cikin dare. Manyan ƙungiyoyi irin AREN na da wakilai a jahohi daban-daban, ta hanyarsu labarin Abalak na iya iso Dakoro kafin garkunan su iso.

Lokacin yin wannan zama shi ne yanzu, kafin hukuma ta sanar da ranar sakin gonaki, tun garkuna ba su watse ba. Ku zauna da garsonku da arɗonku, ku jera zangunan bana ɗaya bayan ɗaya, a gaban kowane zango ku faɗi sunan rijiyar da za a tsaya, da mutumin da aka yi magana da shi, da lambar da za a kira. Wanda ke son in halarci zaman ƙungiyarsa, ya bar saƙo a ma'aikatar kiwo ta Dakoro. Allah ya tsare mu da dukiyarmu, ya kai kowa mashekarinsa lafiya.